Kafin Ka Sa Gatari: Tsohuwar Bishiya Ita Ma Jari Ce a Gidan Gona



Akwai wani matashi a nan Shinkafi da ya kira ni in duba masa ɗakin kajin da yake ginawa a bayan gidansu. Yamma da ɗakin akwai wani ƙaton dogon yaro da kakansa ya dasa. Magini ya ce masa ganye zai cika kwano, saiwa kuma za ta fasa daɓe, gara a kawar da shi tun wuri. Ya kira mai inji, kafin la'asar icce ya kwanta. Ya sayar da itacen, ya ƙara kuɗin a na abinci, yana murna. Da bazara ta kama, buroilarsa na sati 5, daga azahar rana sai ta zuba kai tsaye a jikin bangon yamma da kwano. Kaji suka buɗe baki, suka saki fukafukai, suka daina ci. Cikin 'yan kwanaki ya kwashe mushen da ya ninka kuɗin itacen nan sau da yawa.

Wani kuma a wajen Ƙaura Namoda, shi bai taɓa nasa mangwaron ba ko da adda. Yana alfahari da inuwarsa. Akwai busasshen reshe a sama, kaurinsa ya kai cinyar mutum, ya yi shekaru yana rataye daidai kan ɗakin reno. Iskar hadarin farko ta zo da dare, ta karyo shi, ya huda kwano, ruwa ya kwana a kan 'yan tsaki.

Kuskuren mutanen nan biyu ɗaya ne. Dukansu ba su lissafa bishiya cikin kayan aikin gona ba. Muna lissafa janareta, muna lissafa famfo da tankin ruwa, muna kiran mai gyara in sun lalace. Babbar bishiya ma haka take, tana yi maka aiki, kuma tana buƙatar gyara daga wanda ya iya.

ABIN DA YA SA MAGANAR TA TASO YANZU

Kowa ya san halin da ake ciki a yankin Shinkafi, Zurmi da Ƙaura. Matsalar tsaro ta sa gonakin nesa sun yi wuyar zuwa, da yawa sun dawo da neman abincinsu cikin gari. Kaji a bayan gida, kifi a tamfol a tsakar gida ko a tsohon lambu a gefen gari. A irin waɗannan wurare ne tsofaffin itatuwa suke. Ga shi kuma shiga daji yin icce ya zama kasada, itacen girki ya yi daraja, don haka mai inji ba ya rasa dalilin da zai ba ka na cewa a sare.

Ka tuna lissafin lokaci. Buroila sati 6 zuwa 8 ka fitar. Tarwaɗa wata 4 zuwa 6. Amma inuwar da za ta rufe ɗakin kaji, ko dogon yaro ne mai saurin girma, sai ka jira shekaru. Tsamiya ko kuka kuwa, jikokinka kake yi wa. Abin da za ka kwantar a wuni ɗaya ba ka da kuɗin da za ka sayo shi a kasuwar Alhamis.

AIKIN DA TAKE YI MAKA, DA ƁARNAR DA TAKE IYA YI

Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta kusan digiri 41 ne, kuma ta fi sakewa idan ɗaki yana tsakanin digiri 18 zuwa 24. In ya haura 30 cin abinci ya fara raguwa, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi. Mu kuwa a nan daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura 40, kuma ƙarƙashin kwano ya fi haka. Bishiyar da ke tare ranar yamma tana yi maka aikin fanka ba tare da fetur ba. Haka ruwan tamfol ko na tankin roba: in ya wuni a rana yana ɗaukar zafi, ruwa mai zafi kuma ba ya riƙe iskar oksijin sosai. Tarwaɗa ta fi son ruwa ya tsaya wajen digiri 26 zuwa 30.

To amma kada mu yi wa bishiya kirari mu ɓoye laifinta. Reshen da ya taɓa kwano gada ce ga ɓera, maciji da muzuru. Shirwa da hankaka a kanta suke zama su yi gadin 'yan tsaki. Balbela da sauran tsuntsayen daji in suka mai da ita wurin kwana, kashinsu zai riƙa zuba a kan ɗaki da wurin ruwa, wannan kuwa hanya ce ta shigowar cuta. Tun da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya a 2006, a jihar Kaduna, babu mai kiwon da ya kamata ya yi wasa da kashin tsuntsun daji. Ga mai kifi kuma, ganyen da ya faɗa kandami ya ruɓe yana cinye oksijin ɗin da kifi ke buƙata.

Duk waɗannan suna da magani wanda bai kai ga sarewa ba. A janye rassa daga kan kwano, a ɗaga ƙasan bishiyar don iska ta ratsa, a sa raga a jikin ɗaki, a shimfiɗa raga a saman kandami.

KA SAN IRIN ICCEN DA KE GABANKA

Dogon yaro, wanda wasu ke cewa darbejiya ko bedi, asalinsa daga Indiya da kewayenta ne, a zamanin Turawa aka shigo da shi ƙasar nan. Yana ba da inuwa a bazara, yana jure sara, shi ne abokin mai kaji. Sai dai kada ka bari ganyensa da 'ya'yansa su taru a ruwan kifi.

Mangwaro inuwarsa mai duhu ce, har takan hana iska wucewa, don haka yana buƙatar a rage masa ciki. Ruɓaɓɓun 'ya'yansa suna tara ƙuda.

Gawo ya sha bamban da sauran. Da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Ke nan yana ba ka inuwa lokacin da ake nemanta, 'ya'yansa kuma abincin awaki ne. Matsalarsa ƙaya, mai tamfol ya yi hattara.

Cediya, durumi da gamji saiwarsu neman ruwa take, tana shiga duk tsagar da ta samu a kandamin siminti ko bututu. Kada ka gina tanki kusa da su.

Aduwa da ɗorawa, mai kifi ya buɗe kunne. 'Ya'yan aduwa da ɓawonta suna da sinadarin da ke kashe kifi, haka ma ɓawon ɗorawa, wato makuba. Tun zamanin da an san ana zuba su a ruwa don kifi ya bugu ya taso. Kada ka kafa kandami a ƙarƙashinsu, kada ruwan da ya bi ta gindinsu ya gangara cikinsa.

ZAGAYE KAFIN HADARIN FARKO

A watan Afrilu ka ware safiya ɗaya, ka zagaya kowace babbar bishiya da ke kusa da ɗaki, kandami, katanga ko wurin da yara ke wasa. Ga abin da za ka duba:

Busassun rassa a sama, waɗanda babu ganye kuma ɓawo ya fara saɓulewa.

Tsaga a inda manyan rassa biyu suka rabu, musamman in sun tashi a matse kamar yatsu biyu. Irin wannan mahaɗa ita iska ta fi yagewa.

Laimar kwaɗi a gindi ko a jiki. Alama ce ciki yana ruɓewa.

Kogo da hanyar gara. Ka buga jikin da bayan gatari, in ya yi amo kamar ganga, ciki babu komai.

Karkacewar da ba ka sani ba a da, ko ƙasa ta ɗago ta tsage a gefe ɗaya na gindi. Wannan ba ta jira, ka kwashe kaji daga wajen ka nemo ƙwararre.

Kauci a kan rassa. Ruwan bishiyar yake sha, in ya yi yawa reshen ya mutu. Figewa ba ta isa, sai an yanke reshen a bayan inda ya kama.

Kogo shi kaɗai ba hukuncin kisa ba ne. Kuka nawa muka sani masu kogo da suka girmi kakanninmu? Abin dubawa shi ne kaurin lafiyayyen itacen da ya rage a zagaye, da kuma abin da za ta danne in ta faɗi.

YADDA AKE YANKE RESHE

A ƙasashe irin su Ingila da Amurka gyaran manyan itatuwa sana'a ce mai zaman kanta, ana koyonta, ana ba da takardar shaida. Yawancin ƙa'idojin da suke bi a yau sun samo tushe ne daga binciken wani masanin gandun daji Ba'amurke, Alex Shigo, wanda ya tsaga dubban itatuwa yana duba yadda ruɓa ke tafiya a cikinsu. Abin da ya fito da shi a shekarun 1970 shi ne, bishiya ba ta warkewa irin ta mutum. Naman da ya ji rauni ba ya komawa sabo. Katange wurin take yi daga ciki don ruɓa kada ta bazu, sannan ta rufe shi da sabon itace daga gefe. Saboda haka wurin da ka yanka, da yadda ka yanka, su ke nuna ko za ta rufe ko za ta zama kogo.

Ka duba gindin kowane reshe, za ka ga wani kumburi ya zagaye shi kamar zobe. A nan ƙarfin rufe rauni yake. Ana yanka ne daidai bayan zoben. In ka shafe shi har jikin bishiya, ka buɗe wa ruɓa ƙofa. In ka bar dogon guntu, guntun zai mutu, gara ta bi ta cikinsa.

Reshe mai nauyi sau 3 ake yanka shi. Na farko, ka matsa kamar taƙi 2 daga jiki, ka yanka daga ƙasa zuwa sama har kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Na biyu, ka ɗan ƙara matsawa waje kaɗan, ka yanka daga sama har ya faɗi. Yankan farko shi zai hana ɓawo ya yage ya sauka jikin bishiya. Na uku, ka cire guntun da ya rage daidai bayan zobe. Wannan na ƙarshe da zarto ake yi don fuskar ta fita sumul. Gatari da barandami suna barin tsaga da ruwa ke kwanciya a ciki.

Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyenta a shekara ɗaya. Tsohuwa ma ƙasa da haka, domin ganye ne kicin ɗinta.

Kada a guntule mata kai. Wannan shi muka fi yi wa dogon yaro: a sare duk manyan rassa a bar gungume tsaye. Eh, zai tofo, har ya fi da yawa. Amma sababbin rassan a fatar waje suke manne, ƙarƙashinsu kuma itace na ruɓewa. Bayan 'yan shekaru sun yi nauyi, su ne iska ke jefowa kan kwano. Ka rasa inuwar bana, ka sayi haɗarin baɗi.

Kada a shafa baƙin mai, kwalta ko fenti a wurin yanka, kada a cika kogo da siminti. Danshi suke riƙewa a ciki. Yanka mai kyau a wurin da ya dace ya wadatar.

Maganar lokaci kuma, busasshen reshe da mai haɗari ko yaushe ana cire shi, kuma lallai kafin iskar Mayu da Yuni. Babban ragi kuwa ka bari sai bayan kaka, cikin sanyi, lokacin da kaji ba su matsu da inuwa ba, ta yadda kafin bazara ta sake yin ganye. Ka daidaita aikin da lokacin da ɗaki yake babu kaji. Ƙarar inji tana firgita su, su taru a lungu su danne juna, masu ƙwai kuma su rage. Mai kifi ya rufe kandami ruf, domin injin yana fesa mai tare da garin katako. Ɗanyen garin nan kuma kada a shimfiɗa wa 'yan tsaki, yana yin fumfuna ya kama musu huhu.

RABIN BISHIYA A ƘASA YAKE

Da yawa muna zaton saiwa can ƙasa take nutsewa. Akwai mai nutsewa, amma yawancin masu shan ruwa da abinci suna kusa da sama, ba su kai zurfin mita ɗaya ba, kuma suna bazuwa har su wuce iyakar inuwa. In ka haƙa ramin kifi ko harsashin gini dab da gindi, ka datse manyan saiwoyi a gefe ɗaya, bishiyar ba za ta nuna maka a ranar ba. Sai bayan shekara biyu ko uku ta fara bushewa daga sama, ko iska ta tuge ta, ta faɗo ta inda ka saka jarinka.

A Ingila ƙa'idar masu gini ita ce a bar tazarar da ta ninka faɗin gindin sau 12. Ga hanya mai sauƙi ta auna haka: ka zagaye jikin bishiyar da igiya daidai ƙirjinka, sannan ka auna tsawon igiyar sau 4 daga gindi. Cikin wannan da'ira ban da haƙa mai zurfi, ban da daɓen siminti. In fili ya yi maka kaɗan, tamfol ko tankin roba da za a ɗora a sama ya fi haƙa.

Kada a jibge ɗanyen kashin kaji a jikin gindi, zafinsa yana ƙona ɓawo da saiwa. In ya ruɓe, a watsa shi a bakin inuwa. Kada a ƙona mushe ko shara a ƙarƙashinta. Ruwan da ka canza wa kifi taki ne mai kyau, ka ja masa hanya ya zagaya bakin inuwa, ka riƙa sauya wuri don kada ya kwanta. Ruwan da aka sa wa gishiri ko maganin wanke ɗaki kuwa, a kai shi nesa.

WA ZA KA BA AIKIN?

Ƙananan rassan da hannunka ke kaiwa kana tsaye a ƙasa, kai ma za ka iya. Duk abin da ya kai ga hawa, ko reshen da ke saman kwano, ka nemi wanda aikinsa ke nan. Mu a nan ba takarda za ka tambaya ba, aikinsa za ka gani. Ka ce ya nuna maka bishiyar da ya gyara shekara biyu baya. In wuraren yankan sun fara rufewa daga gefe kamar bakin tulu, ya iya. In gungume ka tarar, ka yi masa godiya ka ƙara gaba.

Ka tambaye shi: Malam, wanne za ka fara cirewa, kuma ina zai sauka? Wanda ya san aiki zai zo da igiya biyu, ɗaya ya ɗaure kansa, ɗaya ya sauke reshe a hankali, gunduwa gunduwa, kuma zai zo da mataimaki a ƙasa. Wanda zai hau tsani da inji a hannu ɗaya, kada ka yarda a yi a gidanka. A kori yara daga wurin, a duba kogo ko da zuma a ciki, in hadari ya haɗo a sauko.

Ga wadda ta fi cin mutane: kada ka biya shi da itacen. In ladansa icce ne, kowane reshe kuɗi ne a idonsa, zai sare har inda ba ka ce ba. Ku yi ciniki da kuɗi, ka sa wa rassan da za a cire alama da alli ko gawayi, ka tsaya a wurin. Itacen ka sayar daban.

Reshen da ke kusa da wayar wuta ba naka ba ne, ba na mai inji ba ne. Ka sanar da ma'aikatan kamfanin wuta su kashe layi tukuna. Kada ka dogara da cewa an ɗauke wuta, ba ta sallama in za ta dawo. In kuma sarewa gaba ɗaya ta zama dole, ka leƙa wurin malaman daji na ƙaramar hukuma kafin ka fara. Ka kuma bincika ko bishiyar ta gado ce, domin a ƙasar Hausa akan sayar da fili amma tsamiya ko kukar da ke ciki tana da masu ita. In ta leƙa gidan maƙwabci, ku yi magana tun kafin reshe ya faɗa masa.

IN AN RIGA AN SARE FA?

Kada ka ƙona kututturen. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna abin da yake iya yi. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aikin dashen itatuwa a can, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara suna fitowa ne daga tsofaffin kututture masu rai. Manoma suka fara zaɓen tsiro 3 zuwa 5 mafi ƙarfi, su yanke sauran, su rage ƙananan rassa. Shi ake kira sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Tsiron kututture yana saurin girma fiye da dashe, saboda saiwarsa ta riga ta kafu.

Matashin nan da na fara ba ku labari haka ya yi. Kututturen kakansa ya tofo, ya bar uku, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki, yana jan ruwa zuwa wajen. Sun wuce tsayinsa yanzu, amma da sauran shekaru kafin su kai kwano. Kafin nan, kowace bazara sai ya sayi zana da kara ya rufe bangon yamma.

Ɗan uwa, 'yar uwa, kafin ka ja igiyar gini, ka tsaya a filin da azahar, ka sake tsayawa da la'asar, ka ga inda inuwa ke faɗuwa. Ka miƙe ɗakin gabas da yamma, bishiya ta tare maka ranar yamma, rassanta kuma kada su taɓa kwano. Wanda ya riga ya gina, ya ɗauki gawayi ya yi zagayen nan tun hadari bai haɗo ba.

Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya sa albarka a kiwo, ya ba yankinmu zaman lafiya.